Maganin Teku a Gwiwa

Ranar Talata aka sa wa Zulaikha. Likitar ta rubuta a kati, ta kuma faɗa da baki: a kawo ta Kano ranar Litinin da yamma a ba ta gado, Talata da safe a shiga da ita tiyata a cire maman hagu. Ta ce ƙullutun bai kai ko'ina ba tukuna, amma ciwon daji ba ya jiran kowa, kada a ɗaga ranar.

Zulaikha ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu Fulani ne. Ni ina zaune a Roni, ita kuma aure ya kai ta Gwiwa, gidan Barebari. Mijinta Kyari direba ne, yana da motarsa ta kansa da yake bin kasuwanni da ita. Mutum ne mai sanyi, ba ya faɗa, ba ya musu, kuma a da ina lissafa wannan cikin alherinsa. Saura kwana tara tiyatar na ɗaure 'yan kayana na taho jinya.

Gidan babba ne. Uwar su Kyari, Hajja Kaka, tana ɗakin tsakiya. Kyari yana sashen yamma, yayansa kuma yana na gabas. Sunan yayan Musaddiƙ, amma duk Gwiwa Na'ikko ake ce masa, saboda ya taɓa yin shekara biyu yana gadin wani sito a Ikko, wato Legas. Yanzu taki da maganin feshi yake sayarwa. Shi kaɗai ne a unguwar ya taɓa ganin teku. Daga baya matarsa ta faɗa min cewa ta tagar motar haya ya hango shi suna tsallake gada, kuma ana ruwan sama a lokacin. Wannan bai hana shi ba da labarin tekun shekara ashirin ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, shi yana kan kujerarsa da rediyo a cinya. Aka sa wani shiri na kimiyya. Mai bayanin ya ce masu bincike suna ɗebo wasu halittu daga ƙarƙashin teku, wasu a manne suke da duwatsu, wasu kamar ciyawa, wasu kamar dodon koɗi, suna tatsar sinadarai daga jikinsu suna gwadawa a kan ciwon dajin mama. Na'ikko ya miƙe zaune. Daidai nan wayarsa ta yi ƙara, wani mai neman buhun taki ne, ya ajiye rediyon a kujera ya fita zaure yana ciniki.

Ni na ji sauran. Mutumin ya ce cikin dubban sinadaran da ake gwadawa, 'yan ƙalilan ne suka zama magani. Mafi yawa suna ɗakin gwaji har yanzu, a kan ɓeraye ake aikin. Ya ce abin yakan ci shekaru masu yawa, kuma duk matar da ta ji ƙullutu ta garzaya asibiti. Na'ikko ya dawo ana kiɗan rufe shiri.

"Kun ji ko?" in ji shi. "Ina Kyari? A kira min Kyari."

Kyari ya zo ya durƙusa a gefen kujerar. Hajja Kaka ma ta leƙo da carbinta.

"Turawa da kansu sun faɗa," in ji Na'ikko. "Maganin wannan ciwon yana cikin teku. Ni daman na sani, don na ga ruwan nan da idona, ba banza Allah ya tara shi haka ba. Ga magani a ajiye, su kuma na Kano wuƙa kawai suka iya. A yanke mace kamar ana fiɗar akuya?"

"To Yaya, mu ina muka ga teku?" in ji Kyari a hankali.

"Shi ya sa nake cewa karatu daban, basira daban. Hajja, farin wurin nan da ke jikin ƙwaryarki, daga ina ya fito?"

"Daga Gaidam. Uwata ta zo da ita."

"Kafin Gaidam fa? Daga teku ne. Duk farin wuri daga teku ake ɗebo shi. Halitta ce."

Abin haushin shi ne wannan ɗaya gaskiya ce, kuma ita ta ɗauke hankalin kowa.

Ni baƙuwa ce a gidan, kuma gidan surukan ƙanwata ne. Na daɗe ina juya maganar kafin na buɗe baki.

"Yaya, da ka fita mai maganar ya ci gaba. Ya ce yawancinsu ba su zama magani ba tukuna. Ya ce a je asibiti."

Ya juyo ya kalle ni ta saman tabarau.

"Shatu, kin taɓa ganin teku?"

"Ban taɓa ba."

"To."

Ya mayar da fuskarsa ga Kyari, ni kuma na mayar da tawa ga gyaɗa.

Nan take ya yanke cewa a ɗaga tiyata sati biyu, a daka wurin ƙwaryar a ba Zulaikha. Hajja Kaka ba ta ba da ƙwaryar cikin sauƙi ba. Tsohuwar ƙwarya ce, ta yi baƙi don shekaru, an zagaye bakinta da fata an ɗinke wuri jere uku. A cikinta aka kai kayan ƙamshin uwarta ɗakin miji, aka kai nata.

"Kai Musaddiƙu, in abin teku kake nema, ga kifin gwangwani nan a shagon Abu. Ka sayo mata ta ci da burodi, ko ba komai ta ƙoshi."

"Hajja, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ke Shatu, Bafillatana, ku da kuke yawo da wuri a kitso, kin taɓa jin ya warkar da ko ciwon kai?"

"Hajja, mu ado muke yi da shi. Sai a gidan Barebari na ji za a ci."

Ta yi dariya har carbin ya faɗi. Na'ikko bai yi ba. Ya ce, "Hajja, ƙwarya ko ran surukarki?" Dariyar ta tsaya. Ta shiga ɗaki, ta fito da reza, ta zauna a bakin ƙofa ta yanke zaren da hannunta, wurin yana zuba a faranti ɗaya bayan ɗaya. Ba ta bari kowa ya taya ta ba.

Na shiga wurin Zulaikha na same ta zaune a bakin gado. Ta ji komai, don ɗakinta ba shi da nisa. Na ɗauka za ta ƙi. Sai na ga ta dafe ƙirjinta da hannu biyu.

"Yaya Shatu, in da za a bar min shi fa?"

"Likita ta ce kada a ɗaga ranar."

"Sati biyu ya ce. Sati biyu kawai. In bai yi ba sai mu tafi." Ta sunkuyar da kai. "Ke ba a jikinki za a yanka ba."

Shekararta talatin da huɗu.

Farin wuri ba ya dakuwa haka nan. Mun gwada, taɓarya tana tsalle, wurin yana fallatsa har cikin akurkin kaji. Na'ikko ya ce a soya shi tukuna. Aka zuba a kasko aka hura wuta har ya fara fashewa, gidan ya cika da wari kamar na ƙonannen ƙaho. Sannan aka juye a turmi. Ni na daka. Wannan ba zan ɓoye ba. Na daka, na tankaɗe da rariya, na miƙa masa farin gari a kwano.

Da nake miƙa masa na ce, "Yaya, abin da ke cikin wurin nan ai ya mutu tun kafin a haifi Hajja. Ɗakinsa kawai muka daka."

"Ƙarfin yana shiga bango," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

Ya juye garin a kwalba, ya kawo sabon murfin awo irin na maganin feshi, mai layi-layi a jiki, ya ɗaga shi sama yana ƙanƙance ido. Rabin murfi a kunu safe da yamma. Murfi guda a kwaɓa da man shanu a shafa. Ba ya cewa gari, sinadari yake cewa, kuma ya hana kowa taɓa kwalbar.

Ranar Litinin ɗin da ya kamata mu kama hanyar Kano, Kyari ya loda buhunan gero ya tafi Babura. Motar lafiyarta ƙalau, an cika ta da mai. Ina tsaye a ƙofar gida na ga ta sha kwana.

Sati biyu suka cika. Zulaikha ta ce ƙullutun yana nan, har kamar ya ƙara tauri. Na'ikko ya ce alama ce mai kyau, ciwon ne yake tattaruwa wuri ɗaya kafin ya narke. Da sati na uku ya wuce sai ya gano cewa laifin wurin Hajja ne, duk an huda bayansa don ɗinki, ƙarfin ya fice ta hudar. Sai an samo wanda ba a huda ba.

Nan labari ya bazu. Tsofaffi suka shiga kwance adudu. Wata ta aiko da guda bakwai daga Achilafiya a ƙullin tsumma. Wani makaɗi ya wayi gari ya tarar matarsa ta tsige duk wurin da ke jikin gorarsa. Mata daga Roni, garinmu, suka fara sallama a ƙofar gida, wasu don kansu, wasu don 'yan'uwa, kowacce da lulluɓi har goshi. Na'ikko ya sa aka share zaure aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Ya daina zuwa shagon taki sai da yamma.

Bangon zauren ya haɗu da madafa, don haka duk hirar majalisarsu ina ji ina tuƙa tuwo.

"Na'ikko, koɗin dam ɗin Kazaure fa?" Muryar Muhammadu Lawal ce, mai facin taya. "Ga shi nan birjik, yara ma wasa suke da shi."

"Ruwan daɗi ne. Babu gishiri. Sinadarin sai da gishiri yake haɗuwa."

"To a zuba masa gishirin mana," in ji Daudu, wani ɗan majalisar.

"Kai Daudu, gishirin teku da na miya ɗaya ne?"

"Ni ban sani ba, ban je Ikko ba. Amma ƙananan jatan landen nan da wata 'yar Ibo take sayarwa a Kazaure, su ma ai na teku ne ko?"

Na san Na'ikko ya so a ce shi ya fara tunawa.

"Daman ina da niyyar ƙara su a sati na biyar," in ji shi.

Aka ƙara su. Kunun Zulaikha ya koma yana ƙarni, tana sha tana toshe hanci, wani lokaci ya dawo. Ba wanda ya taɓa tambayarta yaya take ji sai Hajja Kaka. Na'ikko yakan tsaya daga bakin labule ya ce, "Ƙanwata, da sauƙi ko?" Ita kuma ta ce da sauƙi, don haka ake amsa wa yayan miji. Sai ya koma zaure ya ce mai ciwon da bakinta ta ce ta samu sauƙi.

Na yi wa Kyari magana sau biyu. Na farko ya ce, "Yaya Shatu, a ƙara haƙuri." Na biyu ya daɗe yana murza makullin mota a hannu, sannan ya ce, "In na ɗauke ta yanzu, kamar na ce wa Yaya ƙarya yake yi a gaban mutane." Na kalle shi. Mutum ne da yake iya canza tayar mota shi kaɗai cikin laka, amma wannan ta fi ƙarfinsa.

A sati na bakwai fatar ta fashe. Da safe ne, ina taya ta wanka a bayan ɗaki. Ta janye zanin, muka gani tare. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga hannun hagu ta laluba hammatarta, ta kama hannuna ta ɗora a wurin. Akwai wasu ƙanana guda biyu, kamar ƙwayar gurjiya.

"Ɗauko min hijabina," in ji ta. "Da katin."

Ranar kasuwar Gwiwa ce, Kyari ya fito da mota ƙofar gida zai yi lodi. Ya shiga ya karya, ya fito ya tarar da matarsa zaune a kujerar gaba, ni a baya da ledar kaya.

"Lafiya?"

"Malam, Kano za ka kai ni."

"Yau? Ai na yi wa mutane alkawarin..."

"In ba za ka iya ba ka faɗa min, in sauka in tari ta haya a bakin titi. Kowa ya gan ni."

Tun da aka yi aurensu ban taɓa jin ta yi masa magana haka ba. Hajja Kaka ta fito har waje, ita da ba ta taka ƙofar gida sai da dalili, ta tsaya da hannu a ƙugu.

"Kyari, me kake jira? Sai Bafillatana ta tuƙa?"

Yana buɗe ƙofa sai ga Na'ikko da babbar riga da tabarau, kwalbar a hannu. Na zaci zai hana. Ashe zuwa zai yi.

"Gara in je da kaina," in ji shi yana shigowa kusa da ni. "Likitocin nan ba su san inda bincike ya kai ba. Sai an yi musu bayani."

Mun isa asibitin kafin azahar, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Ita ce dai ta farko, doguwa, mai ɗan furfura a gaban ɗankwali. Ta karɓi katin ta duba ranar da ta rubuta, ta duba Zulaikha. Ta ja labule. Ta daɗe tana dubawa, ta daɗe a hammatar. Da ta gama ta wanke hannu ta ce a shigo da mijin. Su biyu suka shigo.

"Wane ne mijin?"

Kyari ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Ni ne yayansa," in ji Na'ikko. Ya ajiye kwalbar a kan teburinta. "Likita, tambaya ɗaya gare ni. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne ana samun maganin wannan ciwon daga halittun teku?"

Ta buɗe kwalbar, ta shinshina, ta murza garin tsakanin yatsu biyu.

"Mene ne wannan?"

"Farin wuri ne, da jatan lande. An sarrafa."

"Shi aka yi sati bakwai ana ba ta?"

"Ki amsa min tukuna."

Ta rufe kwalbar a hankali.

"Akwai, Alhaji. Akwai allurar da aka gano asalinta a jikin wata halitta ta ƙarƙashin teku. Masana sun yi shekaru da yawa suna aiki kafin su iya haɗa ta a masana'anta. Ba a turmi ake yin ta ba. Wannan da ka kawo, da shi da allin da ake rubutu a allo kusan duk ɗaya ne. Kuma ka san su wa ake yi wa waccan allurar? Matan da ciwon ya riga ya yaɗu a jikinsu, waɗanda wuƙa ba za ta ƙara yi musu amfani ba. Can kuka nufa da ita."

Ta juya ga Zulaikha, muryarta ta sauka.

"Ranar da na sa miki, da na cire shi, da na ce miki in sha Allahu an gama. Yau ba zan iya yanka ba. Fatar ta buɗe, kuma ya taɓa hammata. Za mu yi hoton ƙirji da na ciki mu ga ko ya tsaya nan. Sannan a fara miki magani ta ƙarin ruwa, duk bayan sati uku. Zai wahalar da ke, gashinki zai zube. In ya motse, sai mu sake maganar tiyata."

"In bai motse ba fa?" in ji Zulaikha.

"Mu fara tukuna."

Aka wanke wurin aka ɗaure, aka ba mu ranar Alhamis. Muka fito.

Muka kama hanyar gida har muka wuce Dambatta. Gero ya fitar da kai a gonakin gefen hanya, Zulaikha ta jingina da gilashi tana kallo. Sai Na'ikko ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Kun dai ji da kunnenku," in ji shi. "Akwai, ta ce. Likita guda, a babban asibiti. Shatu, ke da kike musu, kin ji ko? Abin da na faɗa tun ranar farko. Matsalar kawai wajen sarrafawa ne, mu ba mu da injin. Da a ce gwamnati za ta..."

Kyari ya ci gaba da tuƙi. Ina ganin bayan wuyansa daga inda nake. Na'ikko ya ci gaba, ya ce Daudu zai sha mamaki, ya ce akwai wata mata daga Babura da ya yi wa alkawarin Asabar, ya ce wataƙila a rage soyawar don wuta tana kashe ƙarfin.

Muna shiga Kazaure, daidai inda masu babur suke tsayawa, Kyari ya gangara gefen titi ya taka birki. Bai kashe motar ba. Bai juyo ba.

"Yaya, sauka."

"Me za mu saya?"

"Ba komai. Sauka."

"Kai Kyari, da ni kake?"

"Ga masu babur nan, za su kai ka gida."

Na'ikko ya kalle ni, kamar ni ce zan sa baki. Na kalli ledar da ke cinyata. Ya daɗe yana jira. Daga baya ya tattara babbar rigarsa ya fita, ya rufe ƙofar da ƙarfi. Da muka hau titi na waiga, na hango shi tsakiyar masu babur, ya ɗaga kwalbar sama yana nuna musu wani abu a jikinta.

Mun yi nisa a hanyar Gwiwa kafin Zulaikha ta yi magana, kuma ba ta ɗago daga gilashin ba.

"Malam, ranar Alhamis akwai kasuwar da kake zuwa?"

"Babu," in ji Kyari.

Akwai. Duk mun sani.

"To da asuba za mu fita," in ji ta. "Layin yana da tsawo."